Tukunyar Ruwa a Bayan Fijon Baba Zaka

Shekara ashirin da shida ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a Dutsen Alhaji, kuma a tsawon wannan lokaci mutum ɗaya tak ya taɓa zuwa garejina ya ce yana son motarsa ta yi laushi. Kowa ƙarfi yake nema. Direban haya zai zo ya ce, "Malam Hadi, ɗaga min bayanta," don ya loda mata abin da ko jaki sai ya yi gardama. Aikina ke nan, ƙasan mota: sifirin, shokazoba, da robobin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Injin ba ruwana da shi. Mutumin nan ɗaya da ya nemi laushi shi ne Baba Zacharias, wanda duk unguwa ke kira Baba Zaka, kuma na yi masa abin da har gobe idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Kwali, Gbagyi gaba da baya, gajere, mai magana a hankali kamar sai ya auna kowace kalma kafin ya sake ta. A gonar doyar mahaifinsa ya taso. Lokacin da aka fara sare dajin nan ana gina Abuja, ya ajiye fartanya ya bi motocin yashi, ya koyi tuƙi, daga nan ya samu aikin direba a wata ma'aikata. Shekara talatin ya yi yana kai manya ofis yana jiransu a inuwa. Ya sha gaya mini cewa ko madubi bai taɓa fasawa ba, kuma na yarda, don na ga tuƙinsa. In kana sauri kada ka shiga motarsa, hawan jini zai kama ka.

A 1993 ma'aikatarsu ta yi gwanjon tsofaffin motoci, ya sayi Fijo 504 wagon, doguwar nan mai faɗin baya. Ba don kwalliya ya saye ta ba, don matarsa ne, Mama Christiana, wadda muke kira Maman Rita. Maginiyar tukwane ce, a wurin uwarta ta gaji sana'ar. Duk rani takan koma ƙauye wata biyu, su haƙo yumɓu ita da 'yan'uwanta mata, su gina, su gasa. Shi kuma ran Asabar ya je ya shimfiɗa ciyawa a bayan mota, ya jera tukwanen, ya kai kasuwar Suleja. Da tukwanen nan 'ya'yansu huɗu suka yi makaranta. Da ƙarfinta ya ragu ta daina zuwa, motar ma ta gaji, aka ɗora ta a kan bulo a ƙofar gida. Shekara tara tana nan, awakin unguwa suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Wata safiya a farkon Fabrairun 2023 ya zo garejina cikin rigarsa mai guga, ya yi sallama, na ba shi benci ya ƙi zama.

"Malam Hadi, motan nan ina so ya tashi. Kure ya ce zai gyara injin. Ƙasa kuma naka ne."

Kure maƙwabcina ne, bakaniken injin. Na yi dariya na ce, "Baba, wannan ai sai dai a kai ta gidan tarihi. Ina za ka da ita?"

"Gida. Ƙauye. Kafin ruwa ya sauka, don in ruwa ya sauka hanya ya lalace ke nan. Amma ka ji ni da kyau. Ba na son mai ƙarfi. Irin nashi na asali nake so, mai laushi. Sifirin da shokazoba duka."

Na ce an gama. Na tambaye shi jikin Mama, don na kwana biyu ban ga ta fito ba, ya ce da sauƙi, mun gode Allah. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara komai ba. Dattijo irinsa ba ya baza ciwon matarsa a bakin gareji.

Da aka turo motar na shiga ƙarƙashinta, na ga aiki ja. Wagon ɗin nan sifirin huɗu gare ta a baya, irin masu naɗi, biyu a kowane gefe. Biyu sun karye, biyu sun zauna sun daina tashi. Shokazoba duk sun bushe, ko ɗigon mai babu a cikinsu. Robobin kuwa kana taɓa su suna marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu. Na gaba da sauƙi, na san inda zan samu. Na bayan ne matsalar.

Na tafi Apo wurin Oga Dominic, Inyamurin da nake sayen kaya a shagonsa tun ina da baƙin gashi. Na gaya masa abin da nake nema, ya kalle ni ya kwashe da dariya.

"Oga Hadi, wane irin soft? Kai kaɗai ne a ƙasan nan kana neman soft! Duk wanda na kawo mai ƙarfi ne, shi mutane suna saya."

Gaskiya ya faɗa. An daɗe da daina ƙera wannan mota, kuma kamfanonin da har yanzu suke yi mata kayan gyara sun san su wa ke saye. Fijon da suka rage a kan hanya gawayi suke ɗauka, da doya, da buhunan dawa. Don haka sabon sifirin duk da kauri yake zuwa, shokazoba kuma masu iska ne, masu taurin kai. Na zaga layi uku a Apo, na leƙa Zuba, na kira wani a Suleja. Mako guda ina yi, sannan na gaji.

A nan ne na zauna na yi tunanin da kusan kowane bakanike a yankin nan zai yi. Tsoho, ɗan manomi, wagon, ƙauye a bayan Kwali, kuma yana sauri kafin ruwa ya sauka. To me ake kaiwa ƙauye a wannan lokaci in ba irin doya ba? Na ce a raina, maganar laushin nan kewar da ce kawai, irin ta tsofaffi, in ya loda doya bayan motar ya zauna a ƙasa ni zai zaga. Na ce wa Dominic ya kawo mini mafi kauri. Sai da aka yi kwana goma kafin su iso daga Legas. Na ɗaura su, na yanko robar tsohuwar taya na cusa a tsakanin naɗin sifirin, yadda muke yi wa motocin kasuwa don su ƙara tauri. Wannan ma a ganina alheri na yi masa. Ban gaya masa ba. Na san abin da ya ce, na ji shi sarai, na dai ɗauka na fi shi sanin abin da yake so.

Ranar da Kure ya tayar da injin, motar ta sauka daga jak ta tsaya ta ɗaga baya tana taƙama. Na ji daɗi ƙwarai. Na aika aka kira Baba Zaka.

Ya zo tare da Rita, babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya. Tana rungume da tukunyar ƙasa mai faɗin baki, baƙa, ta sha hannu har tana sheƙi. Baba ya buɗe bayan motar ya ajiye gammon ciyawa a tsakiya, ya ɗora tukunyar, ya zuba ruwa, ya sa yatsunsa huɗu ya auna daga baki. Na tambaye shi na mene ne, ya ce gwaji ne. Muka shiga, ya ɗauki hanyar bayan kasuwa, wadda ba ta taɓa ganin kwalta ba.

A ramin farko ruwa ya fantsamo har ƙeyata. Baba ya ƙara rage gudu, alhali ko mai keke zai wuce mu. Da muka zo hawan wata kwalbati, bayan motar ya yi tsalle, tukunyar ta tashi daga kan gammo ta dawo a karkace. Ƙarar ba ta da yawa. Tukunyar dai ta rabe gida biyu, ruwa ya bi ƙasan kujeru.

Ya tsayar da mota, ya fita, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na ɗan shekara saba'in da ɗoriya, ya leƙa ƙasa. Ya shafa sifirin ɗin, ya ciro guntun robar da na cusa, ya miƙo mini.

"Malam Hadi, ni ba yaro ba ne. Na gaya maka."

Ni da bakina da ba ya mutuwa, sai na fara kare kaina. Na ce Baba, in ka loda doya za ka gode mini, nauyi ne zai kwantar da ita.

Rita ce ta katse ni, idonta ya yi ja. "Malam, wace doya? Mama ce za ta kwanta a wurin nan."

A tsaye a bakin hanya ta gaya mini komai, mahaifinta yana tsince gutsattsarin tukunya yana tarawa a hularsa. Ciwon daji ne, ya shiga ƙashin bayan Mama. Likitoci sun ce a koma gida a lallaɓa ta. Wata huɗu ke nan ba ta yi barcin awa ɗaya a jere ba, ko an yi mata allura. Abu ɗaya take roƙo, a kai ta ƙauye tana da rai. Sun gwada da motar mijin Rita, daga ƙofar gida zuwa bakin titi ta suma don zafi. Motar asibiti da suka duba bas ce, bayanta ya fi na akori-kura tauri, kuma Mama ta ce ba za ta shiga ba sai ranar da ba ta da bakin cewa a'a. Ta ce mota ɗaya ta sani da ke kai tukunya ɗanyar gashi daga ƙauye har Suleja ko tsagewa babu.

Tukunyar ruwan kuwa dokar Mama ce tun ranar da aka sayi motar. Duk lodin da za a yi, sai ta ajiye ta a tsakiyar tukwane da ruwa, yatsu huɗu daga baki. In an isa kasuwa ta duba. In ruwa ya zuba, to Baba ya yi ganganci da kayanta, kuma zai sha faɗa har gida. Shekara ashirin da ɗaya tukunyar nan tana bin motar. Ni na fasa ta a tafiyar da ba ta kai minti biyar ba.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mako uku cur na ɓata musu, a lokacin da kowace rana take da nauyi.

Da la'asar na wanke hannuna da kananzir da sabulu na je gidan. Mama tana kwance a katifa a ƙasa, ta rame har na kusa kasa gane ta. Matar da na sani tana ɗora tulu a kafaɗa, yadda matansu suke yi, tana tafiya tana hira ko haki babu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta.

"Kai ne ka fasa min tukunya?"

"Ni ne, Mama. Ki yafe mini."

"Wannan tsoho duk shekarun nan bai fasa shi ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "To, gara shi da ni. Don haka aka sa shi."

Ta juyo da kanta ta dube ni.

"Hadi, ɗana, ba na tsoron mutuwa, na shirya da Ubangijina. Amma ba na so a kai ni gida a akwati. Ina so in ga bishiyan da muke gasa tukwane da idona. Ina so in sa hannuna a yumɓu. Za ka iya?"

Na ce in Allah ya yarda zan iya. Da na fito sai da na tsaya a jikin katanga na share fuskata.

Washegari na rufe gareji. Na tafi Kaduna, na shiga Panteka tun safe, na bi tarin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Sifirin ɗin 504 na nan birjik, amma duk sun sha wuya. Wasu sun zauna saboda lodi, wasu an gasa su da wuta an buɗe su don su ƙara tsawo, wanda hakan ke kashe ƙarfen. Duk wanda na ɗauka sai na ga tarihin wahalarsa a jikinsa. Na wuce Kano, na kwana biyu a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, na dawo da guda biyu da ba su dace da juna ba. Wani ya turo mini hoto ta waya daga Legas, na ƙirga naɗin a hoton na ga na ƙaramar Fijo ne, ba na wagon ba. Kullum da safe in na fito sai na ɗaga kai na duba gabas. Zafi ya tsananta, kuma duk wanda ya zauna a Abuja ya san ruwa ne ke biyo bayan irin wannan zafi.

Na koma wurin Dominic, wannan karon na gaya masa gaskiyar magana. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce uwarsa ma a mota ta cika, a hanyar kai ta gida. Nan take ya kira ɗan'uwansa a Nnewi, suka yi ta magana da yarensu. Bayan kwana biyar sai ga shi da kansa a Dutsen Alhaji da kwali a hannu: shokazoba shida, sababbi, masu mai ba masu iska ba, da robobi cikakken saiti. Ya ce in zaɓa. Na ɗaure kowanne a bais, ƙarfen da muke matse kaya da shi, na gwada da hannu. Shokazoba mai kyau yana shiga da sauƙi, ya fito a hankali yana riƙe hannunka, ba tare da ya saki a tsakiya ba. Na ware biyu da suka zo daidai da juna. Dominic bai tafi ba sai da ya shiga ya gaishe da Mama, suka yi addu'a.

Sifirin kuwa a inda ban zata ba suka fito. Mato, wani ɗan gwangwan da ke Durumi, wanda na bar wa saƙo tun farko, ya kira ni wata Talata da hantsi.

"Malam Hadi, an kawo mini wata wagon, gobe za mu yanka. In kana so ka zo yanzu."

Na ɗauki Baba Zaka a babur muka tafi. Motar wani tsohon malamin makaranta ce da ya rasu, 'ya'yansa suka sayar don su gina shago a inda take. Bodin ya ruɓe, kana iya zura hannu ta ƙofa. Amma Mato ya ce maƙwabta sun shaida mai ita bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce iyalinsa zuwa coci ba. Na shiga ƙarƙashi da tocila. Ga su nan su huɗu, siraran ƙarfe, tsawonsu ɗaya, har ɗigon fentin da aka sa musu tun daga masana'anta bai gama gogewa ba. Na yi kabbara a ƙarƙashin mota har ƙura ta shiga bakina.

Da muka kwance su, Baba ya jera su a kan wani faifan ƙarfe. Ya dafa kafaɗata ya hau na farko da ƙafa ɗaya, ya saki nauyinsa, ya sauka. Haka ya yi wa duka huɗun, yana jin yadda kowanne ke karɓarsa yana mayar da shi. Mato da ma'aikatansa suka daina buga guduma suna kallonsa.

"Shi ne," in ji Baba.

Kwana biyu na yi ina ɗaurawa, kuma ban taɓa yin aiki da tsoro irin wannan ba. Na wanke su, na shafa musu mai, na canza kowace roba, na rage wa tayoyi iska kaɗan. Motar ta sauka daga jak ta zauna daidai, ba taƙama. Baba ya zo da wata tukunyar, ita kaɗai ta rage a gidan cikin waɗanda Mama ta gina. Ya zuba ruwa ya auna yatsu huɗu. Na ce ko za mu ɗan sa ganye a kai, yadda mata suke yi in sun ɗebo ruwa don kada ya yi tangaɗi. Ya harare ni.

"Kana so ka yi ma wa wayo? Ni, ko ita?"

Muka bi hanyar bayan kasuwa, muka hau kwalbatin nan, muka dawo. Ya sa yatsu ya auna. Huɗu ne.

Ranar Alhamis ta ƙarshen Maris muka tashi da sassafe. An kwantar da kujerun baya, an shimfiɗa katifa biyu. Mutum huɗu muka ɗauko Mama a bargo, tana cije leɓe. Rita ta zauna kusa da kanta. Tukunyar tana can wajen ƙafafunta a kan gammo, don ta ce ba za a tafi ba sai da ita. Ni na zauna gaba da akwatin sifanu, ko da motar za ta yi gardama.

Muka bi ta Kubwa, muka faɗa Zuba, muka ɗauki hanyar Lokoja. Manyan motoci suna danna mana ham, wani direban bas ya leƙo ya tambayi Baba ko gawa ya ɗauko. Baba ko kallonsa bai yi ba. Hannunsa biyu a kan sitiyari, idonsa a kan kwalta, yana ganin rami tun kafin ni in gan shi. Inda ba makawa sai an shiga, sai ya saki birki daf da bakin ramin ya bar motar ta sauka da kanta. Ni da nake taƙamar na san ƙasan mota, a ranar na ga yadda ake amfani da shi. Har Giri ina jin nishin Mama a bayana. Da muka wuce gadar Gwagwalada sai na daina ji. Na juya da sauri.

Rita ta ɗora yatsa a baki, hawaye na bin fuskarta. "Barci take," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Muka wuce Kwali, muka bar kwalta, muka shiga jar hanya tsakanin kunyoyin doya. Motar tana lilo a hankali, Mama tana barci. Hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka hango ƙauyen. An san da zuwanmu, mata sun taru a ƙarƙashin wata babbar ɗorawa, wasu har sun fara guɗa suna nufo mota.

Baba ya fito da hannu ta taga ya yi musu alamar su yi shiru. Bai tsaya ba. Ya san in injin ya mutu lilon ya tsaya, za ta farka. Ya wuce su ya shiga filin ƙwallon makarantar firamare da ke gefe, ya fara zagayawa a giya ta ɗaya. Ya zaga, ya sake zagawa. Matan suka biyo suka tsaya a bakin fili. Da farko ba su gane ba, sai wata tsohuwa, yayar Mama, ta matso ta leƙa ta gilashi lokacin da muka zo wucewa, ta koma ta gaya musu. Daga nan ba wanda ya ƙara magana. Maza suka dawo daga gona suka tsaya da fartanyu a kafaɗa. Gari guda yana tsaye a rana yana kallon tsohuwar mota tana zagaya fili, don mace ɗaya ta samu barcin da ta yi wata huɗu tana nema. Na duba agogo, mun fi minti arba'in muna yi. Allurar zafin injin ta fara hawa, na nuna masa, ya girgiza kai.

Da kanta ta farka. Ta buɗe ido ta ga rassan ɗorawa ta gilashi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, da muryar da na sani tun da, "Zaka, ruwan fa?"

Ya tsayar da mota, ya zagaya, ya buɗe baya, ya sa yatsunsa. "Huɗu ne."

"To," in ji ta. "Ka fara koyon tuƙi."

A nan na ga Baba Zaka ya yi dariya yana kuka, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma ban tsira ba.

Aka kwantar da ita a ƙarƙashin ɗorawar, aka kawo mata yumɓu a ƙwarya, ta nutsa hannunta a ciki har wuyan hannu. Ni na hau babur zuwa Kwali na samu mota na dawo. A daren Asabar ruwan farko ya sauka, kamar da bakin ƙwarya.

Kwana goma sha tara ta yi a gida kafin ta rasu. Rita ta ce kullum sai an fito da ita gindin bishiyar, tana kwance tana yi wa 'yan'uwanta gyara, tana cewa wuyan wannan ya yi kauri, gindin wancan ba zai zauna ba. Ina jin daɗin wannan, amma ba na iya hana kaina tuna cewa da na saurari tsoho tun ranar farko, da kwana arba'in ta samu. Na gaya wa Baba haka da na je gaisuwa. Ya ce kwanan da Allah ya rubuta ba bakanike ke ƙara shi ba, ba kuma shi ke rage shi ba. Na san gaskiya ya faɗa, amma tun daga lokacin duk wanda ya kawo mini mota sai na tambaye shi me zai ɗauka, kuma in ya ba ni amsa ina jin ta.

Mako guda bayan jana'iza na sake komawa don in raka shi mu dawo da motar. An naɗe katifun an bar su a can. Bayan wagon ɗin fayau, ko tukunyar ma ya bar wa yayarta. Muka fito daga jar hanyar da ruwa ya fara ci, muka hau kwalta a Kwali, hanya ta buɗe ba kowa. Baba ya ci gaba da tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami, yana sakin birki a bakin wanda ba makawa. Har muka kusa Gwagwalada haka. Rana ta yi zafi, ina da motoci uku suna jirana a gareji.

Na ce, "Baba, yanzu ai za ka iya ɗan taka ta."

Ya ɗaga ido ya kalli madubin tsakiya, ya daɗe yana kallon bayan motar, sannan ya mayar da idonsa kan hanya.

"Na sani, Malam Hadi," ya ce. "Ƙafana ne bai ji labari ba tukuna."